Kaurin Zuciya Ba Ƙarfinta Ba Ne

Da mun yi niyyar ci gaba da darasin da muka faro kan numfashi da huhu, sai wata wasiƙa ta iso mana wadda ba za ta jira ba. Wata ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare da ke zaune kusa da Sharaɗa ta aiko ta, kuma mun sakaya sunanta kamar yadda ta roƙa. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Babanmu ya yi shekara 19 yana aiki a wani kamfani. Watanni huɗu da suka wuce, yana aikin dare, ƙirjinsa ya riƙe, zufa ta karyo masa, abokan aikinsa suka kai shi asibiti. An ce bugun zuciya ne. Alhamdu lillahi ya tashi, har ya koma aiki. Amma da aka yi masa hoton zuciya, likita ya ce naman zuciyarsa ya yi kauri, kuma wai kaurin ya fi damunsa a kan bugun da ya wuce. Baba ya ce shi bai ga abin damuwa ba, tunda ƙwanjin ɗan dako ma kauri yake yi saboda ƙarfi. Yanzu ya fara tsallake magani domin ya ce ya warke. Malam, me zan gaya masa?"

'Yarmu, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi miki albarka da kika tambaya. Hujjar da Baba ya kawo hujja ce ta mai hankali, don haka ta cancanci a amsa ta da hankali. Mun kuma san cewa ba gidanku kaɗai ba ne. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da sanyin safiya, lokacin da 'yan aikin dare ke fitowa 'yan aikin safe ke shiga, zai ga ɗaruruwan iyaye a kan keke da babur da Adaidaita Sahu, waɗanda kuɗin makarantar da yawa daga cikinku ke fitowa daga gumin goshinsu. Darasin yau nasu ne, amma ku ne za ku kai musu shi gida.

Mu fara daga ajin Bayoloji

Kun san zuciya ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta kuma kusan giram 300 ne a jikin babba. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum na hutawa, wato kusan sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Wanda ya shafe mu yau shi ne ɗakin ƙasa na hagu. Shi ne ke karɓar jinin da ya sha iska a huhu, ya tura shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Saboda nauyin aikinsa, bangonsa ya fi na sauran ɗakunan kauri tun asali. A jikin babban mutum mai lafiya, kaurin bangon kusan santimita 1 ne. Ku duba rularku ku gani, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Idan ya haura santimita 1.2, likita zai fara tambayar dalili.

Mene ne ke sa shi ƙara kauri? A ƙasarmu babban dalili shi ne hawan jini. Ku ɗauki injin ban ruwa a fadama. Idan tiyo a buɗe yake, injin na tura ruwa cikin sauƙi. Idan wani ya taka tiyon, sai ku ji ƙarar injin ta sauya, yana gurnani, domin ƙarfin da yake buƙata ya ƙaru. Mai hawan jini, jijiyoyinsa sun matse, zuciyarsa na turawa ne a kan tiyon da aka taka, dare da rana, shekara da shekaru. Injin ƙarfe ƙonewa zai yi. Zuciya kuwa tsoka ce, sai ta yi abin da tsoka ta saba, ta ƙara kauri domin ta iya ɗaukar nauyin.

Akwai wasu dalilan. Ƙofar da jini ke fita ta cikinta zuwa babbar jijiya na iya ƙuntata. Ƙiba mai yawa, ciwon suga da ciwon ƙoda duk suna taimakawa. Akwai kuma na gado, wanda za mu zo kansa. Amma idan aka tara mutum goma masu kaurin zuciya a asibitocin Kano, mafi yawansu hawan jini ne ya kai su.

To ina bambancinsa da ƙwanjin ɗan dako?

Ɗan dakon Kasuwar Singa yana ɗaukar kaya, ya sauke, ya zauna, ya ci abinci, ya yi barci. A lokacin hutun ne tsokarsa ke ginuwa, kuma ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita suna ƙaruwa tare da ita. Haka ma zuciyar ɗan ƙwallo ko mai tseren gudu: tana ɗan ƙara girma, amma ɗakin na faɗaɗa daidai da bangon, jijiyoyi na bin sahu, naman na nan da laushinsa, idan ya daina atisaye kuma ta koma yadda take. Zuciyar mai hawan jini ba ta da lokacin sauke kaya. Saboda haka kaurinta na zuwa da illoli uku.

Na farko, nama na ƙaruwa amma jijiyoyin da ke ciyar da shi ba sa ƙaruwa daidai da shi. Zuciya ba ta shan jinin da ke cikin ɗakunanta. Tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a bayanta, suna aika rassa zuwa cikin naman. Ku tuna unguwar da aka ja wa bututun ruwa lokacin tana da gida 200, yau ta zama gida 600 amma bututun na nan yadda yake. Gidajen farko za su samu, na ƙarshen layi sai dai su ji labari. A zuciya, ƙarshen layin shi ne ɓangaren bango na can ciki, kuma shi ne ya fi saurin jin yunwa.

Na biyu, naman na yin tauri. Masu aikin jima a Challawa da majemar gargajiya ta cikin birni sun san bambancin fatar akuya da aka jeme ta yi laushi da ƙirgin sa da ya bushe. Maƙeri ba ya ɗinka zugazugi da busasshen ƙirgi, domin ko ya matsu ba zai buɗe ya sha iska ba. Zuciya ma aiki biyu take yi a kowane bugu: ta saki jiki ta cika da jini, sannan ta matse ta tura. Bango mai kauri da tauri yana iya matsewa, amma sakin jikin na yi masa wuya. Abin lura kuma, a daidai lokacin sakin jikin ne jijiyoyin zuciya ke samun damar shayar da naman ɗakin hagu. Ga baki ya ƙaru, ga lokacin cin abinci ya ragu.

Na uku, wutar zuciya na rikicewa. Kowane bugu saƙon lantarki ne ke tayar da shi, yana bin hanyoyinsa cikin tsari. A cikin nama mai kauri ana samun zare-zaren tabo tsakanin ƙwayoyin tsoka, saƙon ya riƙa karkacewa, bugun ya fita daga tsari.

Ranar da jijiya ta toshe

Abin da ake kira bugun zuciya a labarai, wanda ya samu Baba, shi ne toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin nan masu ciyar da zuciya. Kitse na taruwa a bangon jijiyar shekara da shekaru, wata rana ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. Naman da ke bayan toshewar na fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma ɓarnar na ci gaba da faɗaɗa sa'a bayan sa'a. Naman zuciyar da ya mutu ba ya tsirowa. Tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya bugawa.

Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Mutum biyu, jijiya iri ɗaya ta toshe musu a sa'a ɗaya. Na farko bangon zuciyarsa daidai yake. Na biyu nasa ya yi kauri, da ma can a ƙoshi-ba-ƙoshi-ba naman yake. Wa zai fi asarar nama? Likitoci a ƙasar Denmark sun auna wannan da na'urar hoto mai maganaɗisu, a kan mutum fiye da 700 da jijiyarsu ta toshe aka kuma buɗe musu ita cikin gaggawa, suka buga sakamakon a 2017. Kusan ɗaya cikin huɗu na da kaurin zuciya. Su ne suka fi girman tabo, su ne aka fi kasa ceto namansu duk da an buɗe jijiyar, kuma mutuwa ko komawa asibiti saboda gazawar zuciya ta fi ninki biyu a cikinsu.

Kafin wannan, an yi wani babban bincike na ƙasashe da yawa mai suna VALIANT kan waɗanda suka tsira daga bugun zuciya mai tsanani. A wani reshensa da aka buga a 2008, an yi wa mutum 603 hoton zuciya kwanaki kaɗan bayan ciwon, aka bi rayuwarsu na kusan shekara biyu. Waɗanda naman zuciyarsu ya fi nauyi, musamman masu bango mai kauri da ɗaki matsattse, su ne suka fi fuskantar mutuwa, sake bugun, gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun kafin nan ma, a garin Framingham na Amurka, inda aka fara bin lafiyar zuciyar mazauna garin tun 1948, an nuna a 1990 a kan mutum fiye da 3,000 cewa yawan nauyin naman ɗakin hagu na hasashen ciwon zuciya da mutuwa, ko da an cire tasirin shekaru, taba, suga da awon jinin kansa.

Ga dalilin da ya sa likitan Baba ya ce kaurin ya fi damunsa. Bugun ya zo ya wuce, ya bar tabonsa. Sauran naman da ya rage shi zai ɗauki aikin wanda ya mutu har ƙarshen rayuwa. Idan naman nan mai laushi ne, mai ƙoshi, zai iya. Idan mai tauri ne, mai yunwa, kuma har yanzu ana taka masa tiyo, a hankali ɗakin zai fara buɗewa yana saki kamar tsohuwar roba. Daga nan sai alamomin gazawar zuciya: haki idan an hau bene, kasa kwanciya sai an tara matashin kai biyu ko uku, farkawa tsakar dare ana neman iska, kumburin ƙafafu har takalmi ya ƙi shiga. A gefe guda kuma, tabon bugun ya haɗu da tabon kaurin, wutar zuciya ta samu wurin rikicewa. Wani rikicin na sa jini ya daskare a ɗakin sama, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Wani kuma shi ne wanda ake cewa, "Yanzun nan muka rabu da shi lafiya ƙalau." Waɗannan abubuwa ba a makon farko suke zuwa ba. Suna zuwa ne bayan shekara biyu, biyar, goma, lokacin da kowa ya manta an taɓa kwanciya a asibiti.

Abin da likitocinmu suka gano

Da can ana ɗaukar toshewar jijiyar zuciya ciwon Turawa. Wani nazari da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka buga a 2006, wanda ya duba shekara biyar, ya samu cewa masu wannan ciwo ba su kai 1 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a sashen manya ba. Amma hawan jini da gazawar zuciya da ma sun cika gadaje. A 2012 an buga wani bincike na ƙasashen Afirka tara kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya, Farfesa Mahmoud Umar Sani na Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100, matsakaicin shekarun marasa lafiyar kuma 52 ne kacal. A Turai da Amurka, masu irin wannan ciwo galibi sun haura 70. Namu suna kwanciya ne a shekarun da 'ya'yansu ke sakandare da jami'a.

Yanzu kuma toshewar jijiyar ma ta iso. Wata rajista ta asibitocin Najeriya da Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato ya jagoranta ta tattara mutum fiye da 1,000 masu wannan ciwo, kuma fiye da uku cikin huɗu nasu masu hawan jini ne. Ma'anar wannan a fili take. A wurinmu, bugun zuciya yawanci yana sauka ne a kan zuciyar da hawan jini ya daɗe yana dafawa. Labarin Baba shi ne labarin mafi yawan masu ciwon a nan.

Me ya haɗa wannan da Sharaɗa, Challawa da Bompai?

Aikin masana'anta aiki ne na mutunci, kuma shi ya riƙe gidaje da yawa a Kano tun zamanin da Bompai ke cike da kamfanonin man gyaɗa da masaƙu. Amma yanayinsa na tara abubuwan da ke ɗaga jini. Ma'aikaci na yin mako guda da rana, mako guda da dare, barcinsa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Yana wuni cikin ƙarar inji da janareta. Idan albashi bai kai ba, ya nemi ƙarin sa'o'i, ko ya tashi daga kamfani ya hau Adaidaita. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai aikin sa'a 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi na mai sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon jijiyar zuciya kuma da kashi 17. Ku lissafa: sa'a 12 sau kwana 6, sa'a 72 ke nan.

Sai abinci. Mai aikin dare a bakin get yake ci: taliyar leda da ƙwai wurin mai shayi, da garin ɗanɗanon da ke cikin ledar duka, ko shinkafa da wake da mai da yaji mai dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙule, burodi, yajin tsire da kilishi. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ɗin da ke ɗaga jini na cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da alaƙar yawan shan kunun kanwa da gazawar zuciya ga masu jego. Sai kuma abubuwan korar barci: sigari, lemon ƙara kuzari gwangwani biyu ko uku a dare, da ƙwayoyin da wasu ke sha wai don ƙarfin aiki. Har magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ana sha kullum, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, kuma ba su dace da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ba sai da izinin likita.

Abin da ya fi ɓoye ciwon shi ne ƙarfin jikin ma'aikacin kansa. Mutumin da ke ɗaga buhu mai kilo 50 ba ya yarda cewa yana da ciwo. Hawan jini kuwa yawanci ba ya ciwon kai, ba ya jiri, ba ya komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba.

Albishirin da za ki kai wa Baba

Tabo ba ya gogewa, amma kauri na raguwa. Wannan shi ne abin farin cikin da ke cikin darasin. Idan aka ɗaga ƙafa daga kan tiyon, aka riƙe jini a ƙasa wata bayan wata, bangon na iya sirancewa a hankali. Wani bincike mai suna LIFE da aka buga a 2002 ya bi mutum 9,193 masu hawan jini da kaurin zuciya. Waɗanda aka ba maganin losatan kaurinsu ya fi raguwa, shanyewar ɓarin jiki kuma ta ragu a cikinsu da kusan kashi 25 cikin 100 idan aka gwada da ɗaya maganin. An kuma ga cewa duk wanda kaurinsa ya ja baya, haɗarinsa ma ya ja baya. A nan gida Afirka, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwaji a ƙasashe shida, aka buga a 2019, wanda ya nuna cewa haɗin magani biyu mai ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata. Ba mun ambaci sunayen nan don a je kemis a saya ba. Zaɓen magani aikin likita ne, shi ya san ƙodar mutum da sugansa. Mun ambace su ne don ku san cewa ƙwayoyin da aka rubuta wa Baba an gwada su a kan dubban mutane, kuma aikinsu ya wuce kashe zafin ƙirji: wasu na hana jini daskarewa, wasu na rage kitse, wasu na sassauta wa zuciya, wasu na hana ɗakin buɗewa.

Saboda haka, 'yarmu, kada ki je wa Baba da gardama. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki zauna kusa da shi ki ce, "Baba, malaminmu ya ce maganarka ta ɗan dako gaskiya ce, sai dai ɗan dako yana sauke kaya, ita kuwa zuciyarka maganin nan ne kaɗai ke sauke mata." Ki gaya masa jin sauƙin da yake yi aikin maganin ne, ranar da ya ajiye shi jinin zai koma inda yake ba tare da ya ji komai ba. Idan kuɗin maganin ne ya yi nauyi, kuma sau da yawa shi ne ainihin dalilin da iyaye ba sa faɗa, ya gaya wa likita a fili, domin akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. Idan wani magani na sa shi tari ko kumburin ƙafa ko wata damuwar da yake jin nauyin faɗa, a canza masa, kada ya bari da kansa. Ya kuma tambayi likitan ko aikin dare da ɗaga kaya sun dace da shi yanzu, idan ba su dace ba ya karɓi takarda ya kai wa shugabanninsa. In azumi ya zo, likita ne zai tsara masa lokutan sha.

Ku duka kuma ku riƙe wannan. Idan babba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa, ga haki ko tashin zuciya, har ya kai minti 15 bai saki ba, kada a tsaya ana cewa gyambon ciki ne a nemo madara, kada a ce bari gari ya waye. A tafi babban asibiti mai sashen gaggawa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala ko na Nassarawa, a nemi a yi masa gwajin wutar zuciya nan take. Maganin narkar da gudan jini ya fi aiki a sa'o'in farko. Kowace sa'a aka ɓata, nama ne ya tafi.

Ku ma ba ku tsira ba

Kada ku ce wannan zancen tsofaffi ne. Akwai kaurin zuciya na gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500, kuma yakan bayyana ne a ƙuruciya. Masu bin ƙwallo sun san Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a fili a birnin Lyon na Faransa ranar 26 ga Yuni, 2003, yana da shekara 28, binciken gawarsa kuma ya nuna irin wannan ciwo. Iyayenku na tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan Najeriya da Angola, aka kuma samu zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima. Duk ɗalibin da ya taɓa suma yana cikin gudu, ko ƙirjinsa ke ciwo a filin wasa, ko aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, ya gaya wa iyayensa da malamin wasanni, a kai shi a duba kafin ya koma fili. Ga sauranku, ƙwallo da gudu da keke alheri ne ga zuciya, ku ci gaba. Shisha da sigari da ƙwaya kuwa, bashin da kuka ci a shekara 17 zuciya ce za ta biya a 45. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin gida

A wannan makon kowa ya raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko duk babban da ke riƙe da shi, zuwa asibitin sha-ka-tafi ko kemis mai na'urar awon jini. Su zauna su huta minti biyar kafin a auna, a auna sau biyu, ku rubuta lambobin da kwanan wata a bayan littafinku na Bayoloji. Ku maimaita a wata ranar daban. Idan lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a ranakun biyu, sai ganin likita. Idan ta kai 180 ko 120, a ranar za a tafi. Ɗalibai mata da maza masu shiga kicin, ku ƙirga dunƙule nawa ke shiga tukunyar gidanku a yini, ku shawarci Umma a rage ɗaya, a cike gurbin da daddawa, citta, tafarnuwa da albasa. Malaman kimiyya kuma, muna ba da shawara kulob ɗin makaranta ya gayyato ma'aikacin lafiya da na'urarsa ranar taron iyaye da malamai. Ranar 17 ga Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya, 29 ga Satumba kuma ranar zuciya, duk sun dace da irin wannan.

Tambayar mako: me ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri tun a zuciya mai lafiya? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen mutum biyar na farko da suka dace.

'Yarmu ta Sharaɗa, muna jiran ki sake rubuto mana ki gaya mana lambar da aka samu a awon Baba na gaba. Ki gaishe shi, ki ce muna yi masa fatan ya ga ranar da za ki karɓi digiri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan huhu.